Moton da Baba Ke Gurfanarwa

Dakoro, ran Lahadi

Zuwa ga Yayana Hamid, babban makanisiye na birnin Yamai,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya kai da Rabi'atu da yara. Ina gajiya, ina zafin Yamai? Mu nan lafiya lau, sai bazara da ta fara gasa mu. Baba yana gaishe ka. Ya ce in faɗa maka cukun nan da hannunsa ya zaɓa, kada ka rabar wa mutanen garaji ka bar iyalinka da ƙanshi.

Za ka yi mamakin ganin wasiƙa cikin ƙunshin cuku alhali ga waya a hannun kowa. Dalilin kai ne. Duk ran da na kira ka, da zarar zance ya zo inda ba ka so, sai ka ce, "Rezo ba kyau, Azara," ka kashe. To, takarda ba ruwanta da rezo. Zakiru shofer, direban nan namu, zai sa maka ita a hannu, kuma na naɗe cukun da ita yadda ba ka kaiwa gare shi sai ka bi ta kaina.

Albishirinka, Baba ya iya moto. Na san ba don haka ka aiko da shi ba. Tun da amalen raƙuminsa Abzaw ya mutu, gwiwoyi kuma suka ƙi, ka ce a samu wani ya riƙa ɗaukarsa zuwa kasuwar dabbobi da rijiyar wajen Rumbu inda garkenmu yake. Ran da na faɗa masa haka, kallona ya yi ta saman rawani, ya ce, "Ni Attaher, tun da nike ban taɓa hawa bayan wani namiji ba. In hau baya kamar buhun hatsi?" Washegari ya sa Amani mai sudura, mai waldar nan, ya nuna masa inda ake murɗawa da inda ake takawa. Ya yi ta zagaya filin bayan lakwal ɗinmu, ni ina aji ina koyar da lissafi, zuciyata tana waje. Yanzu kuwa sai ka gan shi, zaune tsaf kamar kan sirdi, jelar rawani tana binsa. Duk wanda ya gaishe shi sai ya amsa da oda.

Matsalar ɗaya ce, wurin sauka. Ka san rairayinmu. Da ya kafa bekil, ƙafar nan ta jingine moto, sai ta nutse, moton ya bi ta. Da ya ga haka sau biyu, sai ya yanke shawara irin tasa. Yanzu in ya iso wuri, sai ya rufe famfon esans, man ya daina zuwa, ya sauka, ya kama ƙahon moton, ya kwantar da shi a hankali ta gefen hagu yana ce masa, "Sho, sho," yadda yake yi wa Abzaw. Na ce, "Baba, moto ba a gurfanar da shi." Ya ce, "Abin hawa in ya kawo ka lahiya, gurhwanar da shi a kai shi huta. Ke mi kin sani?" Wurin tayarwa ba ya rasa masu kama masa, don mutanen kasuwa har rige-rige suke yi.

Sai dai moton yana shan wuya. Tanki ya ɗan lotsa, madubin hagu ya tafi, hannun ambiriyaj, wato kuloci, ya lanƙwashe kamar lauje. Amani ya ce a bari ya lanƙwasa bututun ƙarfe ya manna masa da wuta ta kowane gefe, irin wanda yake yi wa masu kabu-kabu. Ni kuma na ga moton wani ma'aikacin furoje, irin na ƙungiyoyin agajin nan, da wasu 'yan dunƙulaye a gefensa, sun ɗan fito waje, mai shi ya ce min su ke taɓa ƙasa kafin jikin moto. Wanne ya fi? Kai ne masani, mu a nan sai dai mu ce to.

A gaida Rabi'atu, a shafa min kan yara.

Ƙanwarka da ta fi ka kyau,
Azara

*

Yamai, ran Alhamis

Zuwa ga Azara,

Wa alaikumus salam. Saƙo ya iso, mun gode, Allah ya saka da alheri. Muna lafiya. Ki miƙa gaisuwata ga Baba cikin girmamawa.

Wasiƙarki ta yi tsawo, amma akwai abin da kika manta. Zakiru bai manta ba. Ya ce Baba ya faɗi kan jar hanya wajen mararrabar Rumbu yana kauce wa jaki, har ya kuje kafaɗa, aka kai shi aka wanke ciwon. Kin ba ni labarin madubi, kin bar na kafaɗa. Ba zan ce komai ba a kan wannan yanzu.

Ga amsar tambayarki. Kada Amani ya kai wuta jikin kadir, wato ƙashin moton da komai yake rataye a kansa. Ban raina aikinsa ba, amma zafin sudura yana raunana ƙarfen wurin, kuma bututun nan suna da nauyi. Baba da ƙyar yake tayar da moton a yadda yake. Ban da haka, na sha ganin bututun ya lanƙwashe ciki ya danne ƙafar mai shi.

Abin da kika gani a moton ɗan furoje sunansa tampon. Iri-iri ne. Akwai na alminiyam mai sheƙi, shi masu son ado ke saye, amma in moto ya faɗi sai ya cije ƙasa, duk bugun ya wuce cikin kadir. Akwai na roba mai tauri, wanda ke zamewa yana cinyewa a hankali, shi ya sha wuyar, moto ya tsira. Wannan nake sa wa mutanena. Sai batun tsawo. In ya yi gajarta ainun, tanki zai riga shi isa ƙasa, bai yi amfani ba ke nan. In ya yi tsawo ainun, zai iya kafewa ya wuntsila moton.

Na ba Zakiru iri biyu, dogo da gajere mai faɗin kai, tare da bulon ɗinsu, ƙusoshin ɗaurewa, don ban san wanda zai zauna daidai ba sai an gwada. Ki ce wa Amani ya ɗaura su inda moter, wato inji, ke riƙe da kadir, da dogon bulon da na aiko, ba jikin murfi ba. Ya ɗaure sosai amma kada ya hau kan kilen ɗaure bulon da ƙafa kamar yadda suka saba. Na sa madubi da hannun ambiriyaj sabo.

Ki sani tampon moto yake karewa. Ba ya kare kafaɗar tsoho. Tun da na ji labarin nan nake da-na-sanin sayen moton.

Wassalam.

Yayanki,
Hamid Attaher

*

Dakoro, ran Talata

Yaya Hamid,

Sallama da gaisuwa. Ina aiki, ina fushi? Na ga har da cikakken suna ka sa a ƙasa, kamar takardar jandarma. Zancen kafaɗa, na bar shi ne don kujewa ce kawai, ta warke, kuma na san halinka. Shi kuma Zakiru zan gamu da shi, mutum yana cin tuwon gidanmu yana kai rahoto Yamai.

Kaya sun iso, kuma da ka ga bikin da aka yi. Amani ya zo da kayan aikinsa har gida. Malam Mainassara dillali, abokin Baba na kasuwa, ya zo shan shayi ya tarar da mu, shi ke nan ya zauna alƙalanci. Baba ya ce ba abin da za a ɗaura wa motonsa sai ya duba. Ya ɗauki dogon ya juya shi, ya ƙwanƙwasa, ya shinshina, har haƙori ya sa masa, kamar yana sayen rago. Ya dangwara shi cikin rairayi, ya danna da tafin hannu, abin ya shige har wuya. Ya yi haka da gajeren, shi kuwa ya zauna a sama. Ya ce, "Wanga dogo ƙahwar akuya gare shi, rairai na ganin shi shi haɗiye. Wanga gajere shi ad da tahin raƙumi. A sa mini shi." Na ce ai kai ma abin da ka rubuta ke nan game da tsawo. Ya ce, "To, ashe yaron na da hankali."

Amani ya ɗan ji haushin an ƙi bututunsa, ya yi ta gunaguni wai mutanen Yamai sun maida roba ƙarfe. Amma ya ɗaura su inda ka ce, da bulon ɗinka, kuma na tsaya a kansa bai hau kile da ƙafa ba. Da ya gama, sai Malam Mainassara ya zagaya moton ya ce, "Attaher, moton naka nonuwa ya hiddo." Baba ya ce, "Kai dillalin awaki ne, ba ka san raƙumi ba. Kanta ce. Duba gwiwar amale, duba ƙirjinai. Abin da za shi gurhwana kullum, dole Allah shi yi mai kanta. Wanga an haihe shi babu, shi ne ɗana ya aiko mai."

Ka ji? "Ɗana." Sau uku ya faɗa, ina lura.

Sai gwaji. Ya zagaya ƙofar gida, ya rufe famfo, ya sauka, "Sho, sho." Moton ya kwanta kan tampon, tanki bai taɓa ƙasa ba, madubi yana sama yana kallon Allah. Kuma da yake bai kwanta shame-shame ba, sai ga Baba ya juya masa baya ya tayar da shi shi kaɗai. Mata har guɗa suka yi ta kan katanga. Tun ranar bai zauna ba. Jiya ya je rijiya ya dawo da labarin kowace tunkiya, ya ce akwai wani rago mai baƙin wuya da yake sa wa ido saboda Layya, amma sai ya ƙara ganinsa nan gaba kafin ya yanke. Ka san tun muna yara ba wanda ke zaɓen ragon gidanmu sai shi.

Tambaya ɗaya ya ce in yi maka. Me ya sa farare? Ya ce kantar raƙumi baƙa ce, kuma fari ba ya ɓoye datti. Ni ma na ga na ɗan furoje baƙaƙe ne. Ko baƙin ya ƙare a Yamai?

Dogayen suna wurin Zakiru, zai maido maka. Ban sa cuku ba wannan karon, ka sha fushinka da ruwa.

Taka,
Azara

*

Yamai, ran Asabar

Azara,

Sallama. Na ji daɗi da suka zauna daidai. Gajeren nake so dama.

Baƙin bai ƙare ba, akwai shi cike da kwali. Da gangan na zaɓi fari. Farar roba ba ta ƙarya: in ta gogi ƙasa sai ta nuna, kuma ba a iya gogewa. Tun da ke da Baba kun haɗa baki kuna ɓoye min, na sa abin da zai faɗa min gaskiya. Zan zo Layya in Allah ya yarda. In na tarar tampon ɗin nan sun kuje, na san ya sake faɗuwa, zan karɓi kilen moton, makullinsa, a nemo mai ɗaukarsa kamar yadda na ce tun farko. Ki karanta masa wannan sashe yadda na rubuta, kada ki sa masa zuma.

Za ki ce na cika tsanani. Ke a aji kike yini, ni a garaji. Akwai wani lungu a bayan garajinmu inda muke ajiye motocin da jandarma ko 'yan'uwa suka kawo bayan haɗari. Wasu masu su suna zuwa da sanda su karɓa. Wasu ba mai zuwa. Akwai wani ja, irin na Baba sak, tun bara yake nan, takalmin mai shi ɗaya yana maƙale a jikinsa, ba wanda ya iya cirewa. Kullum da safe sai na wuce ta gabansa.

Tsoro nake ji, Azara. Lokacin da Inna ta rasu ina kan hanya, ban same ta ba. Ba na so wata rana waya ta yi ƙara, in ɗauka, in ji muryarki ta canja, kuma ya zama da kuɗina na sayi abin da ya kashe shi. Gara ya yi fushi da ni yana zaune lafiya.

Ki gaishe shi.

Hamid

*

Dakoro, ran Laraba

Yaya,

Assalamu alaikum. Muna lafiya, in dai lafiyar jiki kake tambaya.

Na daɗe ban rubuto ba, don da na rubuta a makon da takardarka ta zo, da ba ka ƙara yi min magana ba. Zancen jan moto da takalmi ya taɓa ni, na yi kuka, ban ɓoye maka ba. Amma ka ce in karanta wa Baba ba zuma, na karanta. Yana zuba shayi lokacin. Bai ɗago ba har na gama. Ya ce, "To." Ya miƙo min kofi.

Washegari ya tura moton ƙarƙashin rumfa, ya sa faifan katako ƙarƙashin bekil, ya wanke tampon ɗin da sabulu, ya naɗe kowanne da tsumma ya ɗaure da zare. Ya lulluɓe moton da tabarma. Tun ranar bai taɓa shi ba.

Ina taya ka murna, farare ne tas. 'Yar kujewar da suka yi kafin takardarka sai an sa ido ake ganinta. Kana iya zuwa da tabarau ka duba.

Kai da ka san moto ciki da waje, abu ɗaya ya wuce ka. Robar taka ba ta san bambancin faɗuwa da gurfanarwa ba. Baba ba ya iya sauka ko'ina a ƙasar nan sai ya kwantar da moton, kuma rairayinmu da tsakuwar kasuwa suna cin roba kamar gara. Ko bai faɗi ba ko sau ɗaya, kafin Layya sai sun yi baƙi sun zaizaye. Shi ya gane haka tun kafin in kai ƙarshen takardar. Na ce bari in rubuta in yi maka bayani. Ya ce, "A'a. In tsaya gaban ɗan da na haihwa ina rantsuwa ban hwaɗi ba? Ran Salla, gida cike da baƙi, shi miƙo hannu in sa mai kile? Gara in aje da kaina."

Yanzu yini yake kan tabarma a ƙofar gida. Kasuwa ta ci ta sake ci babu shi. Duk wanda ya wuce da akuya sai ya tsayar da shi ya tambayi yadda kasuwa ta kasance, wane ne ya zo daga arewa, shanun wa suka fito. Mutane suna amsa masa a tsaye, suna sauri. Malam Mainassara ya zo ya ce wurin zamansa a gindin adua har wani mai igiyoyi ya shimfiɗa kaya. Baba ya yi dariya ya ce ai ya huta. Ni na san dariyarsa, wannan ba ita ba ce. Abincinsa ma ya ragu, kuma gwiwoyin da kake tausayi sun fi sandarewa yanzu da ba ya motsawa.

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami yau shi ne na jiya. Ya kira Malam Mainassara gefe, ya ce in ya samu mai zuwa rijiya, a kamo mana rago ko wanne ne. Ko wanne ne, Yaya. Mutumin da ke duba haƙori da kofato da yadda rago ke kallon mutum. Malam Mainassara ya yi ta gyaran hula.

Ka ce gara ya yi fushi yana zaune lafiya. Bai yi fushi ba, ko sunanka ya ji sai ya sa albarka. Zaune kuwa yana zaune. Ni ce nake ganin irin zaman kullum in na dawo daga lakwal, kuma ni ma tsoro nake ji, irin nawa.

Na sa cuku. Shi ya ce a sa.

Azara

*

Yamai, ran Juma'a

Zuwa ga mahaifina, Baba Attaher,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina gaishe ka gaisuwar ɗa ga mahaifinsa, Allah ya ƙara maka lafiya da nisan kwana. Rabi'atu da jikokinka suna gaisuwa. Azara za ta karanta maka wannan, kuma ina roƙonta kada ta ƙara gishiri, don na san ta.

Baba, na yi kuskure, ka yafe min. Na aiko maka da kanta, sannan na ce kada ta taɓa ƙasa. Wannan ba maganar makanisiye ba ce, maganar mai tsoro ce. Ita robar nan don ta cinye aka yi ta. In mutum ya kawo min moto na ga tampon ɗinsa sun zaizaye, daɗi nake ji, na san sun yi aikinsu. Wanda nasa ke sheƙi shekara da shekaru, ko dai ba ya zuwa ko'ina ne, ko don ado ya saya.

Saboda haka na janye maganata. Kile naka ne, ba aro na ba ka ba balle in karɓa. Ga wata a madadinta: in na zo Layya na tarar da su farare, a nan ne zan san an raina kyautata. Ka cinye su. In ɗaya ya ƙare ka aiko min da shi ta hannun Zakiru, in aiko da wani. Akwai su cike da kwali, baƙaƙe, irin na amale.

Amma ina da roƙo, ba sharaɗi ba. Cikin kwalin nan akwai kaski, hular kwano ta masu moto. Na zaɓi mafi girma don na san ba za ka cire rawani ba. Ka rage naɗin, ka sa shi a kai, ka ɗaure igiyar haɓa. Moto yana da kanta yanzu, kai ba ka da ita. Sannan in ka hango jaki, ka rage wuta tun daga nesa, kada ka yarda da shi ko ya rantse. Kuma ka bar wa kamyon, manyan motocin kaya, babbar hanya.

Akwai kuma wani faffaɗan ƙarfe da na yanka, Amani zai iya manna shi a tafin bekil don ya daina nutsewa. Nan wuta ba ta ɓata komai. In ka so, ka daina wahalar kwantarwa.

Ban daina jin tsoro ba, Baba. Zan riƙe abina, nawa ne.

A zaɓo mana rago mai kyau.

Ɗanka mai neman albarka,
Hamid

*

Dakoro, ran Litinin

Yaya Hamid,

Sallama a gurguje, Zakiru yana ta oda a waje. Ban ƙara gishiri ba, sai dai na karanta "na yi kuskure" sau biyu, don ban taɓa jin ta daga bakinka ba, na ce bari in more.

Baba ya sa na maimaita wurin "ka cinye su." Ya tashi ya yaye tabarma, ya kwance tsummokaran da kansa. Kaskin ya zauna kan rawani da ƙyar, kansa ya zama kamar tulu, Malam Mainassara ya yi dariya har da riƙe ciki. Baba ya ce mai hassada ne, shi ko hular kirki ba ya da ita. Yana sawa, kuma yana ɗaure haɓa, na tsaya a kan wannan.

Faffaɗan ƙarfenka kuwa, Amani ya manna, bekil ya daina nutsewa, moto yana tsayuwa cak. Baba ya duba ya yaba aikin. Sannan ya rufe famfo, ya kama ƙaho, "Sho, sho." Ya ce tsayuwa ta jaki ce.

Ran kasuwa mai igiyoyi ya kwashe kayansa tun kafin a yi masa magana.

Taka,
Azara

*

Dakoro, ana saura kaɗan Layya

Hamid,

Ni ne Attaher ubanka. Azara ka rubutawa, ni ka hwaɗi. Ina gaishe ka, ina gaida ɗiyata Rabi'atu da 'yan jikokina. Allah shi yi muku albarka.

Ga kantar hagu nan cikin cuku. Ta cinye har ƙarhe ya leƙo. Duba ta da kyau. Duk gurhwanarwa ce, ban da babbar kujewar ta tsakiya. Wagga hwaɗuwa ce, wajen rijiya, saniya ta gitta. Na hwaɗa maka da bakina don kada roba ta riga ni. Hular kwano ta bugi ƙasa, kaina bai ji ba. Moto lahiya, ni lahiya.

Aiko baƙa. Ta dama na nan da sauranta, ba ni kwantar da shi ta nan.

Rago na ɗaure bayan ɗaki, mai baƙin wuyan nan. Ni na ɗauko shi da kaina.

Ka hwaɗa ma Zakiru ranar da za ka taho. Kada ka nemi kabu-kabu in kun iso tasha, ni ka zuwa tarbonka. Ka taho da hular kwano taka. Bayana za ka hau.

Ubanka,
Attaher